Sakainar Kaka

Shekarar da aka fara ba ni jakada a wasan gauta ina goyon ɗana na fari, Nasara kuwa ko labarinsu ba mu taɓa ji ba. Garinmu yana arewa da Ɗambatta, gona dafe da gona, ki yi tari a taku a ce miki sannu daga ta maƙwabta. Idan aka gama girbi, matan gidan mai gari da mu na kewaye mukan yi wasan gauta. Mu ari riguna da rawunan maza, mu kwaikwayi mai gari da alƙali da jakadan da ke zuwa daga birni karɓar kuɗin ƙasa. Ranar wasa mazan sukan zauna su kalli kansu.

Shi ya sa maganar wasan ba a yin ta da ka. An auna ta tun zamanin iyaye: ki rage, dariya ta mutu, ki ƙara, wasa ya koma zagi. Mai riƙe da maganar duka ita ce Iya, ƙawar kakata tun suna 'yan mata. Ba ta taɓa naɗa rawani ba. Idan muna gwaji da yamma, sai ta zauna a inuwar rumbu tana gurzar auduga, ta jera sakainu a gabanta, kowace mai wasa da tata. Ko ɗaga kai ba ta yi. Kika tsallake kalma, ta jefa gurya a sakainarki. Kika cusa taki, ta jefa tsakuwa. Ba ta katse kowa, amma wannan ɗan ƙas da za ki ji ya fi mari.

In an tashi sai ta kira mu bayan rumbu ɗaya bayan ɗaya, don ba ta gyara mutum a gaban mutane. Ta ɗora miki gurya a tafin hannu, ta faɗi inda kika yi tuntuɓe, ki maimaita daidai, sannan ta ɗauko ta gaba. Yadda take tuna wace ƙwaya ce ta wace kalma, Allah kaɗai ya sani. Ni tsakuwa ce rabona, don bakina ba ya zama wuri ɗaya. Maganata ita ce, "Sarki ya gaishe ku, ya ce a auna masa nasa kafin ɓera ya auna." Sai na ƙara da cewa har da kazar jakada.

"Kazar nan taki ce," in ji Iya. "Ki kai ta gidan mijinki."

Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba. Amma ina son matar nan.

Kakata ce alƙali tun kafin a haife ni. Ta manna gemun auduga, ta yi gyaran murya, ta yanke shari'ar akuyar da ta ci dawa, mata su yi ta dariya har da riƙe ciki. Abin da take jira ke nan duk shekara. To a shekarar sai magana ta fara zille mata. Ta ba mai gona rashin gaskiya maimakon mai akuya, ta tsaya tsakiyar hukunci tana laluben abin da ke gaba. Nakan saci kallon Iya, in ga hannunta ya ɗauki gurya, ya tsaya, ya mayar. Sakainar Kaka kullum wayam.

A bayan rumbu Iya ta fara ba mu wani gyara dabam. In alƙali ya tsallake, ku bi shi. In ya juya hukunci, mai gona ta yi kukan mai akuya. Muka yi ta lanƙwasa maganarmu don ta Kaka ta miƙe. Ni dai na ga tausayi ne, na kuma ji daɗi.

Wata yamma, wasa ya matso, aka gama kiran kowa. Kaka ba ta tafi ba. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki sakainarta, ta kifa ta, ba abin da ya faɗo.

"Ƙawa, yau na manta rantsuwa ɗungurungum. Kowa ya ji. Ina tawa guryar?"

"Ban lura ba," in ji Iya, tana kallon auduga.

"Ke? Ke da in mutum ya ja numfashi ba a wurinsa ba sai kin sani?" in ji Kaka. "Gonar da aka cire rai da ita ce ba a cire wa ciyawa. In kin cire rai da ni ki faɗa mini a fuskata, in miƙa rawanin."

Kunya ta kama ni, don da ni aka haɗa baki. Iya ta ajiye audugar. Sannan ta dumbuzi gurya cike da hannu, ta miƙe.

"Taso, tsohuwar kawai."

Ranar ce kaɗai muka taɓa jin muryar Iya daga bayan rumbu. "Ba haka ba ne! Sake! Wa ya ce ki rantsar da akuya?" Kaka na maimaitawa, tana ɓata, tana sakewa, wani sa'in su yi musu, wani sa'in ka rasa dariya suke ko kuka. Muka ƙi tafiya ɗora tuwo. Wasan shekarar nan shi ne na ƙarshe da Kaka ta yi, amma lokacin ba wadda ta sani.

Rana ta kusa faɗuwa Kaka ta fito, ido jawur, bakin zane ƙulle da gurya, tana tafe kamar wadda aka yi wa naɗi. Ta tsaya a kaina.

"Ke ja'ira, me kika samu yau?"

Na buɗe mata hannu, 'yar tsakuwa ce.

"Yarinya ke nan," in ji ta. "Ni nawa gyaran sai gobe za a ƙarasa mini."