Ranar Da Jauro Ya Kare Rufe Iyaka

Har yau ranar muhawarar nan ba ta fita raina ba. A shekarar da aka rufe iyaka da Nijar ne, ina koyar da 'yan ajin farko darasin hulɗar ƙasa da ƙasa a wata kwaleji a Gumel.

Ga yadda tsarin yake. Ƙarshen zango nakan raba ɗalibai su zama wakilan ƙasashe, kowa ya kare matsayin gwamnatinsa ko da bai yarda da shi ba. Ƙuri'a ake jefawa, kuma ba na canja wa kowa. Wanda ya ƙi yi ya faɗi darasin, sai baɗi.

Ƙuri'ar kare rufe iyaka ta faɗa kan Jauro, wani magidanci Bafillace daga karkarar Maigatari, wanda ya riga ya faɗi darasin sau ɗaya. In ya sake, kora ce. Ya same ni a ofis.

"Malam, don Allah a canja mini."

"Dalili?"

Ya sunkuyar da kai kawai. Na ce to babu canji. Ni na gaji da masu neman sauƙi.

Ranar muhawara Jauro ya tashi ya jero hujjoji tsaf: tsaro, fasa-ƙwauri, alkawuran da ƙasa ta ɗaukar wa maƙwabta. Sai Rabi 'yar Gagarawa, wakiliyar ɗaya ɓangaren, wadda bakinta ba ya mutuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe jakada, waɗanda iyayensu ke ƙetare fa? Su mutu ba a gana ba?"

Jauro ya dube ta. Can ya ce, "Gwamnatina ta san da su. Innata tana cikinsu, tana kwance tun farkon damina. Amma ba ita ta aiko ni nan ba. Matsayinmu bai canja ba."

Ya zauna. Rabi ta rufe fuska da mayafi. Na ba shi makinsa cikakke, kuma ba don tausayi ba.

Ku da kuka fara koyarwa yanzu, jakada bakin ƙasarsa ne, wannan dole ɗalibi ya iya shi. Amma ku sani a nan yankin, layin da kuke zanawa a allo da alli, ta tsakar gidan wani ɗalibinku ya bi.