Fasinjar da Yohanna Bai Gani Ba

Duk wanda ya taɓa tsallaka ruwa daga Warra ya san Yohanna mai jirgi. Ko bai san sunansa ba ya san muryarsa, don tun kana kan tudu za ka jiyo shi yana yi wa wani faɗa a kan buhun da ya jibga masa a gefe guda. Shekara talatin da wani abu ke nan yana wannan aiki. Da filafili ya fara a kwale-kwalen kawunsa, ya zo ya sayi nasa, daga baya ya ɗaura masa inji.

Mutum ne mai tsauri a kan kuɗin jirgi. Ko surukinsa ne ya shiga, sai ya biya cif. Amma yana da ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba: mara lafiya da mai naƙuda ba ya karɓar ko sisinsu. Sunansu kawai yake tambaya, kuma ba ya mantawa. In ruwa ya kwanta, hira ta yi daɗi, sai ya hau jero su ɗaya bayan ɗaya, wance ta tsibiri kaza, wane da maciji ya sara, har fasinjojin da suka saba sukan riga shi faɗin na gaba. Abu na biyu da yake cika wa mutane kunne da shi kuwa shi ne ɗansa Daniel, mai walda a Abuja. A bakin Yohanna, rabin ƙofofin Abuja Daniel ne ya haɗa su.

Wata ranar kasuwa ya je cire kuɗin mai wajen mai POS, aka faɗa masa abin da ya rage a asusunsa. Ya ce a sake dubawa. Naira dubu shida da ɗari huɗu sun yi ɓatan dabo. Yohanna bai iya karatun boko ba, amma a lissafi ba a cutarsa. Washegari ya ɗaure jirgi, abin da ba ya yi sai ran Lahadi, ya nufi banki a Yelwa.

Wata ma'aikaciya mai suna Sadiya ta buga masa takardar asusunsa, ta bi da yatsa har ta tsaya a kan wani layi.

"Baba, ga su nan. Kuɗin mota ne."

"Wace mota? Ni rabona da mota tun Kirsimati, in ba wadda tak kawo ni yau ba, ita ko hannu da hannu nib biya ta!"

Bai tsaya jin sauran ba. Ya fizgi takarda, sai tasha. A sanin Yohanna, in an ce kuɗin mota to akwai direba, direba kuwa a tasha ake samunsa. Ya bi motoci ɗaya ɗaya yana nuna layin, yana cewa a fito masa da mai motar da ta ci masa kuɗi su haɗa ido. Direbobi suka yi ta juya takardar, wasu ma a kife, har wani ya ce masa su dai a nan ba su san motar da ke karɓar kuɗi ba a shige ta ba, in ya gano ta ya zo ya koya musu. Da haushinsa ya koma banki.

Wannan karon ya zauna. Sadiya ta yi masa bayani a natse: a manyan birane ana kiran mota ta waya, ta zo har inda kake, kuɗin kuma a cire daga katin da aka sa a wayar. Wannan tafiyar a Abuja aka yi ta, ran Talata da rana. Ta ce in bai san wanda ya yi ba, za ta rufe katin a shigar da ƙara, a bi sawu har a kamo mai wayar.

Nan take Yohanna ya gane. Mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa riƙe katinsa a Abuja, lokacin da ya aika a sayo masa farfelar inji. Kuɗin ma ya daina damunsa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yaron da yake tutiya da shi a gaban kowa ya sa masa hannu a aljihu. Ya ce da Sadiya ta dakata tukuna. Ya fita ya tsaya a inuwar wani shago ya daɗe yana kallon wayarsa, don wallahi tsoron amsar yake ji. Daga bisani ya kira.

"Daniel, wa yash shiga mota da kuɗɗina?"



"Ni na, Baba. Wata mata ta, mai sai muna da abinci wajen aiki. Naƙuda tat taso mata da rana tsaka, jini na zuba, mijinta ba shi gari. Ba a biya mu ba, asusuna ba ko sisi. Katinka na cikin wayata tun sayen farfela, sai nil latsa. Nic ce in an biya mu in mayar, kunya ta hana ni hwaɗa maka."

 Yohanna ya so ya yi faɗa, don faɗa shi ne abin da ya fi iyawa, amma sai ya ɓige da tambaya.

"Mi sunanta?"

"Hawwa."

"Ta sauka lahiya?"

"Lahiya lau. Ɗiya mace. Baba, ƙarshen wata zan turo maka kuɗɗin."

"Kak ka soma. Yaushe kat taɓa ganin na amshi kuɗɗin mai naƙuda? Laihinka guda, ka ɗauko min fasinja ba ka hwaɗa min sunanta ba."

Ya koma ciki ya ce da Sadiya ta bar katin yadda yake, ta kuma ja masa layi da biro a ƙarƙashin wurin. Takardar tana nan har yau a naɗe cikin leda, a gwangwanin da yake ajiye filogin inji.

Yanzu in ruwa ya kwanta ya hau jero sunayen nan, a ƙarshe yakan ɗan dakata, ya gyara zama, sannan ya ce, "Da Hawwa ta Abuja." Ba a rasa baƙon da zai yi dariya ya tambaye shi yaushe jirginsa ya je Abuja. Shi kuwa dama tambayar yake jira.

"Ɗana yat tuƙa," in ji shi.