Lambar da aka kankare a algaitar Baba

Baba ya yi aikin soja, amma ban taɓa jin ya yi hirar bindiga ba. A sashen badujala ya yi shekarunsa, cikin masu busa. Da ya bar aiki ya dawo Illela ya kama fataucin albasa, abin da ya taho da shi daga bariki wani ƙaramin akwati ne, a ciki akwai abin busan nan baƙi mai maɓallai farare da ake kira kilarinet. Mu a gida algaitar Baba muke ce mata. Yakan ce wani tsohon saje ne ya bar masa ita, kuma ta girme shi, shi kansa Baban.

Wata uku bayan rasuwarsa, ranar kasuwa, na dawo daga unguwa na iske yayana a zaure da baƙo. Mutumin irin masu bin gidaje ne suna sayen tsofaffin kaya, takubba da tasoshin tagulla, su ƙetara iyaka da su. Ga algaitar Baba a kan tabarma, an rarraba ta gaɓa-gaɓa. Baƙon ya riƙe gaɓa ɗaya, yana kankarar bayanta da reza.

"Yaya, mi ag ga haka?" na ce.

"Dubawa shikai, shi gaya muna shekarunta."

Baƙon bai ko ɗago kai ba. Ya hure ƙurar da ya kankaro, ya ce, "Hajiya, wagga roba ce. Irin ta 'yan makaranta. Ba ta kai shekara ashirin ba. In kuna so in ɗauke muku ita, don dai kar in koma hannu wofi."

Sai yayana ya yi dariya. Ya ce, "Ashe Baba ma yana ƙara gishiri a labari."

Shekarata arba'in da biyu a lokacin, kuma tun ina rarrafe nake ganin akwatin nan a ƙarƙashin gadon Baba. Shi kuwa Yaya ya girme ni da shekara biyar. Lissafin da ko ɗan firamare zai yi ke nan, amma mutum ya shigo da babbar riga da tabarau, ya ƙaryata ubanmu a zauren ubanmu, Yaya na gyaɗa kai. Na durƙusa na fizge gaɓar daga hannun baƙon, na tattara sauran, na shige gida ban sallame su ba.

Kwana biyu bayan nan na hau babur ɗin haya zuwa Gidan Katta, wurin wani dattijo da suka yi bariki ɗaya da Baba. Na same shi a inuwar darbejiya yana tufka igiya. Idanunsa sun yi rauni, amma da na ɗora masa akwatin a cinya sai ya buɗe shi ba tare da ya laluba ba.

Ya haɗa gaɓoɓin, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya sunsuna cikinta. "Wa ya ce roba? Icce ne, ɗiyata. Taɓa nan, ki ji layin iccen." Na taɓa, na ji. Ya bi maɓallan da yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce tsarinsu na da ne. Lokacin da su suka shiga aiki an riga an daina kawo irin wannan, sababbin sun fi ta yawan maɓallai.

"To Baba, shekararta nawa?" na tambayi dattijon.

"Wannan sai lamba. Juya bayanta, can sama. Masu ƙira suna buga lamba, da ita ake gane shekara. Karanta mini."

Na juya. Daidai wurin ne baƙon ya bi da reza. Lambobi uku na ƙarshe suna nan, na farkon kuwa sun tafi, sai wani faci mai santsi. Tambarin maƙeran da ke kusa ma ya sha kankara.

Dattijon ya ɗora babban yatsansa a wurin, ya shafa. Sannan ya ce, "Wanda ya yi wanga aiki ya san abin da yake yi. Mai neman shekaru ba ya goge lamba."

Na koma gida ban tsaya ko'ina ba sai shagon Yaya. Na gaya masa duk abin da aka ce, a gaban masu sayen kaya, ban rage murya ba. Na zaci zai ji kunya. Sai ya ce, "To ai ban sani ba. Kuma ke da ba ki iya busa ba, mi za ki yi da ita?"

Da kasuwa ta zagayo, baƙon ya sake zuwa. Wai ya yi tunani, zai kyautata tayi, don darajar mamaci. Robar da ba ta da amfani ce ya sake ƙetaro iyaka dominta. Daga bayan ƙofa na ce masa in ya ƙara taka zauren nan, gidan mai unguwa za mu ƙarasa maganar.

Daga baya na kai algaitar Sakkwato wurin wani malamin kiɗa. Ya duba, ya bincika a wayarsa, ya ce da lambobi uku ba abin da zai iya tabbatarwa, sai dai tsohuwa ce ƙwarai. Iyakar abin da na samu ke nan.

Yaya ya yi gaskiya a abu ɗaya, ban iya busa ba. Na gwada sau ɗaya, awakin gida suka watse. Muna gaisawa da Yaya, muna haɗuwa a suna da biki, amma har yanzu bai buɗe baki ya ce Baba bai yi ƙarya ba, ni kuma ban daina jira ba.