Falta Ungozoma da Halwar Gidan Inno

Kimanin shekara ashirin kafin Basasar Kano, a wata 'yar unguwar Barebari da ke tsakanin Tofa da Rimin Gado, an yi wata ungozoma mai suna Falta. Kakanta ne ya taso daga Borno da jakunan kanwa, ƙasar ta karɓe shi, ya nemi gona ya zauna. Ita Falta ba ta taɓa ganin Borno ba. Barbarcin ma sai gaisuwa, da 'yan kalmomin da take yi wa jarirai wasa da su. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, hannayenta ƙanana kamar na yarinya. Yankan cibiya da wankan jego kowace tsohuwa ta iya, amma idan ɗa ya zo a gicciye, naƙuda ta wuni ta kwana, Falta ake aika wa. Takan shafa man kaɗanya a hannu, ta lallaba cikin mai naƙuda tana salati, har Allah ya sa ɗan ya juyo.

Mijinta Kallamu manomi ne, da rani kuma yana saƙa. 'Ya'ya biyar suka haifa, huɗu suka koma tun suna goye, Yakaka kaɗai ta tsaya. Da Yakaka ta yi aure ta samu ciki, aka kawo ta gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Ranar da naƙuda ta tashi, Falta na taɓa cikin ta gane ɗan a gicciye yake. Kwana biyu tana fama. Duk abin da ta sani ta yi, har da wanda kawai ta taɓa ji a bakin tsofaffi. Da la'asar ɗin rana ta biyu Yakaka ta ce, "Inna, ki huta haka, hannunki na rawa." Ba ta ƙara magana ba. Aka binne ta da abin da ke cikinta kafin magariba.

Falta ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta karɓi gaisuwa, ta yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Bayan nan ta shiga ɗaki ta daina fita.

Wata biyu da rasuwar, da hantsi, wani mahauci daga Rimin Gado mai suna Sammani ya iso gidan a guje, ƙafafunsa duk ƙura. Ya durƙusa a zaure gaban Kallamu ya ce matarsa Kulu tun shekaranjiya take naƙuda, tsofaffin unguwarsu sun ce sai Falta. Kallamu ya shiga ya faɗa mata. Ta ce, "Ka ce masa ya nemi wata."

Sammani ya ji daga zaure. Ya ɗaga murya, "Inna, don girman Allah! Ga jaki na zo da shi, ba za ki taka ƙasa ba."

Falta ta ce, "Ɗana, hannun da kake nema ya mutu. Tawa ma ban cece ta ba. Ka tafi, kada ka ɓata lokaci."

Ya daɗe a zauren yana roƙo, sannan ya ja jakinsa ya tafi. Falta ba ta tambayi yadda aka ƙare ba, Kallamu kuma bai gaya mata ba.

Shekara uku ta yi a haka. Ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki. Tana salla a kan lokaci, amma ta faɗa wa Kallamu cewa idan ta ɗaga hannu za ta yi addu'a, sai ta rasa abin da za ta ce. Shi ne ya kawo mata zancen gidan Inno.

Inno tsohuwar malama ce a bayan garin Tofa, 'yar gidan malamai, idonta ya fara dushewa. Kowace shekara da bazara, idan an gama sharar gona an kai taki, ana jiran ruwan shuka, takan tara mata a gidanta su yi halwa ta kwana bakwai. Yawancinsu tsofaffi ne da zawarawa, waɗanda babu goyo ko girki a wuyansu. Kowace takan zo da tabarmarta da butarta da carbi da ɗan geronta. Daga asuba zuwa la'asar ba a magana sai ta dole, sai zikiri da salati, mai iko ta yi azumi. Da la'asar Inno ta zauna gindin tsamiya ta karantar da su tsarki da salla, a rera waƙen wa'azi. Takan ce musu, yadda ake share gona kafin ruwa ya sauka, haka zuciya take so.

Falta ta ƙi, Kallamu ya nace. A ƙarshe ya ɗora mata kayanta a jaki ya raka ta har ƙofar gidan.

Mata goma sha tara ne a wannan shekarar. Zafi ya kai matuƙa, iska ba ta motsi, amma tsamiyar ta fara fid da sabon ganye jajaja. Tun ranar farko Falta ta lura da wata matashiya siririya da ta shimfiɗa tabarmarta can gefen rumbu, nesa da kowa. Idan ta wuce, wasu sukan kawar da fuska. Falta ta san warin nan tun kafin a gaya mata. Yoyon fitsari ne, irin wanda doguwar naƙuda ke bar wa mace. Da aka yi kiran salla kowa ta tashi, ita ta zauna.

A karatun la'asar Inno ta ce, "An ce mini akwai wadda ba ta yi salla tare da mu ba. 'Yata, matso kusa. Me ya hana ki?"

Matashiyar ta sunkuyar da kai. "Gwaggo, ba ni da tsarki. Shekara uku ke nan ban yi salla ba. Ina yin alwala sai ta karye."

"Wa ya ce miki ta karye?"

"Babu wanda ya ce. Ni na gani."

Inno ta ce, "Abin da ke zuba ba da ikonki ba, ba ya tsayawa dare da rana, ba ya karya miki alwala. Malamai sun faɗa, a rubuce yake. Ki wanke abin da za ki iya, ki tsaya gaban Ubangijinki. Shi da ya jarrabe ki bai kore ki ba."

Matashiyar ta kifa fuska a gwiwa ta yi kuka mai tsawo. Da magariba ta shiga ƙarshen sahu. Babu wadda ta tsaya kusa da ita sai Falta.

A gidan Inno, bibbiyu ake haɗa mata wajen ɗiban ruwa da daka. Washegari Inno ta haɗa Falta da matashiyar. Da yamma, lokacin da magana ta halatta, suna bakin rijiya Falta ta tambaye ta sunanta da garinsu.

"Kulu. Daga Rimin Gado. Da matar Sammani mahauci ce ni, ya sallame ni bayan shekara. Yanzu ina wurin wana."

Gugan ya kusa suɓuce wa Falta. Ta ce, "Ɗan fa?"

"Namiji ne. Kwana huɗu na yi, aka ciro shi ba rai. An aika wa wata ungozoma Babarbariya, ta ce ba ta zuwa."

Falta ta ajiye gugan ta zauna a kan kututturen bakin rijiyar. Ta ce, "Ni ce."

Kulu ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sai ta ɗauki tulunta ta wuce. Kwana biyu suna ɗiban ruwa tare, suna daka a turmi ɗaya, kalma ba ta shiga tsakaninsu ba. Falta ta je wurin Inno ta ce za ta koma gida. Inno ta ce, "Ba na tsare kowa. Amma gidan kin gwada shi shekara uku. Ki ƙarasa kwanakinki."

Rana ta biyar, suna cikin surfe, Kulu ta tsai da taɓaryarta. Ta ce, "Inna, abu ɗaya nake so ki gaya mini, kada ki ɓoye. Da kin zo, da ya rayu?"

Falta ta ce, "Ban sani ba. Na juya da yawa sun rayu. Wasu sun mutu a hannuna, ta ƙarshensu 'yata ce, wata biyu kafin mijinki ya zo. Amma ke, da na zo ran nan, ina jin da ba ki kai kwana huɗu ba, da wataƙila wannan ciwon bai same ki ba. Tsoro ne ya hana ni, ba ciwo ba. Na zalunce ki."

Nan hawayen da ta riƙe tun ranar Yakaka suka zubo, a gaban turmi, mata na kallo. Kulu ba ta rarrashe ta ba. Ta ce, "Ba zan ce na yafe ba, don in na faɗa ƙarya na yi. Zan roƙi Allah ya ba ni iko."

"Ya isa," in ji Falta. "Ni ma yau na samu abin da zan roƙa."

Ranar da aka tashi daga halwa, hadari ya haɗo daga gabas, aka yi yayyafi. Falta ta ce wa Kulu akwai ɗaki a gidanta babu kowa a ciki, kuma ta san saiwoyin da ke rage raɗaɗin fata. Kulu ta ce sai ta shawarci wanta. Bayan shuka ta zo da ƙunshin kayanta. Kallamu ya yi mata sabuwar jinka a ɗakin, bai tambayi komai ba.

Kulu ba ta warke ba. Falta ce ke wanke mata tsummoki da ruwan toka kullum safe, ta shanya a bayan ɗaki inda ba a gani. Kulu na kaɗi, Kallamu na saƙa zaren. A daminar nan aka zo neman Falta daga wani ƙauye, ta ɗauki man kaɗanyarta ta bi su. Aka samu uwa da ɗa. Wata haihuwar kuma daga baya aka rasa ɗan, ta dawo ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, amma da aka sake kiranta ta tafi.

Kowace bazara tare suke zuwa gidan Inno. A ta huɗu, suna hanyar dawowa sun tsaya hutawa a gindin ɗorawa, Kulu ta ce, "Inna, maganar nan ta wuce a raina. Na yafe." Falta ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya," suka tashi suka ci gaba da tafiya.

Zazzaɓin tsakiyar damina ne ya ɗauke Falta a shekarar. Kulu na cikin waɗanda suka yi mata wanka. Bayan arba'in, wan Kulu ya zo ya tafi da ita wani gari a arewa inda ya koma da sana'arsa, mutanen unguwar ba su ƙara jin labarinta ba. Kallamu ya rayu shekara biyu shi kaɗai a gidan, sannan 'yan'uwansa suka raba gonar.