Dokar Baba Kafinta

Duk wanda ya san Baba Kafinta ya san shi da fensir a bayan kunne da kuma taurin kai. Mutum ne da in ya ce ƙafar tebur ta karkace, ko mai teburin ya rantse daidai take, sai ya kwance ta ya sake. Shagonsa yana ƙarshen layi, jikin katangar makarantar firamare, kuma ta saman katangar nan ya ga abin da ya hana shi sakat. Da an kaɗa ƙararrawar hutu sai wasu yara su ruga wurin masu talla, wasu kuwa su rakuɓe jikin bango suna wasa da tsakuwa, ba don wasan yana musu daɗi ba.

Shi ya bi masu sana'ar layin shago-shago, su Tela da Makaniki da Hajiya mai kemis, har aka kafa ƙungiyar ciyar da 'yan makarantar da gidajensu babu hali. Wannan ya kawo shinkafa, wancan ya kawo mai, mata su dafa a bayan shagon Tela. Rabo kuwa na Baba Kafinta ne. In ya naɗe hannun riga ya kama ludayi, wallahi ko sarauta aka ba shi iyakar murnar ke nan. Yana zubawa yana faɗa: "Kai, riƙe kwano da hannu biyu! Ke, ina kika bar takalminki?"

Doka ɗaya ya kafa tun ranar farko: ɗa ko jikan ɗan ƙungiya ba ya cin abincin tukunyar nan. "Bakin mutane ba shi da ƙofa," in ji shi. "Gobe za a ce mun tara kayan jama'a muna ciyar da gidajenmu." Dokar ta yi rana. Saboda ita har mutanen wasu layukan suke aiko da buhu, hankalinsu kwance.

To, duniya juyi-juyi. Kamfanin da ɗansa yake aiki ya rufe, ɗan ya tafi nema wani gari, ya bar masa mata da 'ya'ya. Ga kujerun roba sun cika kasuwa, sai a wuni ba wanda ya leƙo shago ko da gyaran benci. Gida ya koma ɗora tukunya sau ɗaya, da yamma. Bai faɗa wa kowa ba. Shi ɗin? Ai gara ya haɗiye zarto.

Cikin jikokin akwai 'yar aji uku, wadda yake tsokana da Uwargida, ita kuma ta ce ba ta son miji mai furfura. Wata rana ya gama rabo, ya kai tukwane famfon bayan ajujuwa, sai ya tarar da ita ta kafa baki tana ta shan ruwa. Ta ɗago ta huta, ta sake komawa.

"Uwargida, wannan ruwa haka, kifi za ki zama?"

Ta goge baki da bayan hannu. "In na sha da yawa cikina yana daina ƙugi, Kaka."

"Me ya hana ki shiga layi?"

"Ai kai ka ce mu ba ma ci."

Kunya da tausayi suka rufe shi. Makaniki, wanda yake taya shi ɗauko tukwanen, ya ji komai. Ya matso ya ce a hankali, "Haba Baba, ka riƙa ɗiba mata a ɓoye mana, wa zai gani?"

"Ni zan gani."

Da labari ya kai wa Hajiya mai kemis, cewa ta yi a soke dokar kawai a huta. Nan ma ya girgiza kai. Dokar da ta hau kan jikokin wasu, a soke ta ranar da ta iso kansa? Da wane ido zai kalli masu aiko da buhu?

Washegari yara suka jeru kamar kullum. Baba Kafinta ya naɗe hannun riga, ya ɗauki ludayin, ya ɗan juya shi a hannu, sannan ya miƙa wa Tela.

"Riƙe. Daga yau na fita daga ƙungiya."

"Subhanallahi! Ƙungiyar da ka kafa, Baba?"

Baba Kafinta ya juya. Ya je bakin aji ya kamo hannun jikarsa, suka koma can ƙarshen layi, dattijo mai furfura tsakanin 'yan firamare, suna matsawa kaɗan-kaɗan. Da suka iso gaban tukunya ya ɗaga kai, ya yi magana yadda malamai da matan girki duk za su ji.

"Yarinyar nan ba jikar ɗan ƙungiya ba ce. Gidansu babu, ni ne shaida."

Tela ya kasa haɗa ido da shi. Ya nutsa ludayi har ƙasan tukunya, ya cika mata kwano.