Kalmar da Likita Ya Faɗa a Kan Gadon Inna

Ko shekaru nawa Allah zai ara mini, ba na jin sati biyun da na yi ina jinyar Inna a asibitin Birnin Kudu zai fita daga raina. A can na koyi wata kalmar Turanci da har yau ba na son rubuta ta.

Lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare. Malamarmu ta Turanci ta saba mana da cewa in mun ci karo da baƙuwar kalma, kada mu yi saurin buɗe ƙamus, mu duba inda aka faɗe ta da abin da ya biyo baya. Na ƙware a wannan, har ina alfahari da shi.

Kullum da safe babban likita yakan zaga gadaje da ɗalibansa. A kan wata tsohuwa da ke bakin taga na fara jin kalmar. Doguwa ce, mai laushi a baki, har na raya a raina ta dace da sunan fure. Na ce ko magani ne, amma ba a aiki kowa saye ba. Bayan kwana biyu aka faɗe ta a kan wata matashiya. Na ce to sunan cuta ne, sai dai tsohuwar tari take yi, wannan kuwa cikinta ne ya kumbura. Abin da ya haɗa su kawai: likita ya sassauta murya, aka cire musu ƙarin ruwa, dangi suka naɗe tabarmi ba mai kallon wani, aka tafi da su gida.

Ranar Talata ya tsaya a kan Inna, ya sassauta murya. Tun kafin ya kai ga kalmar na san ita zai faɗa.

Baba bai iso ba sai da rana, da ƙullin lemo a hannu. Ya ji an ce sallama, fuskarsa ta washe.

"Uwata, ke kika ji Turancinsu. Me suka ce? Ta samu sauƙi ko?"

Na dubi Inna tana barci, na dubi lemon. Na ce, "Sun ce a ci gaba da kula da ita a gida, Baba."

"Alhamdu lillahi! Kin ga amfanin boko ke nan."

Ba ƙarya na yi ba, amma rabin maganar na ba shi. Na lallashi kaina da cewa ai hasashe ne, wa ya sani ko na yi kuskure.

Muka koma Gwaram. Washegari Baba ya ce riɗinsa na gonar Fagam ya nuna, in aka bar shi zai fashe ya zube, tunda jiki ya yi sauƙi bari ya je ya yanke, kwana uku ya dawo. Ina tsaye a zaure ya tayar da babur. Ya tafi, ban tsayar da shi ba.

Ranar Juma'a da hantsi Inna ta tambaye ni sau biyu, "Malam bai dawo ba?" Kafin azahar ta cika.

Baba bai taɓa tuhumata ba, don bai san na sani ba. Ni kuwa na koyi cewa abin da ka fahimta a madadin wanda bai ji ba, ba naka ba ne, amana ce. Da na miƙa masa ita cikakkiya, da zai yi kuka a ranar, amma da yana gefenta.