Malam Abdou Baduku da Gidan da Ake Fara Zuwa

Kullum ƙarfe bakwai saura kwata Malam Abdou yake fitowa daga gidansa a titi na 116 a unguwar Harlem. Ya tsaya wajen 'yan Senegal ya kurɓi shayi a tsaye, sannan ya gangara ƙarƙashin ƙasa ya jira jirgin ƙasa. A da bibbiyu yake tsallake matakalar nan. Yanzu kuwa sai ya dafa ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, masu sauri suna bangazar kafaɗarsa, ko waiwaye babu. Shekara ashirin da tara yana wannan sintiri zuwa laburaren wata jami'a, inda aka ba shi ɗaki a can ƙasa, babu taga, sai sanyin na'ura mai shiga ƙashi. Ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki. Babu jaridar da ta ce uffan, shi ya sa na ce bari in faɗa, ko da mu kaɗai za mu ji.

Baduku ne ɗan baduku, mutumin Damagaram. Jakunkunan fata yake sayarwa a bakin titi na 125 lokacin da wata Baturiya mai gyaran tsofaffin littattafai ta sayi ɗaya, ta juya cikinta ta ga ɗinki, washegari ta dawo nemansa. Tun daga nan aikinsa ya zama jinyar fatun da mutanen Ingila suka yi rubutu a kansu kafin takarda ta wadata. Latin ɗin da ke jiki ko kalma ɗaya bai sani ba. Amma ya shafa fata da yatsa, zai gaya maka ta tunkiya ce ko ta maraƙi, har ya ƙara maka da cewa majemin rago ne.

Yawancin fatun daga gidajen zuhudu suka fito, wato gidajen da Kiristocin wancan zamani suke shiga su bar aure da dukiya, su ƙare rayuwa a addu'a da kiwon tumaki da kwafar littattafai da jinyar marasa lafiya. Na maza daban, na mata daban. Sarakuna sun ba su gonaki don a riƙa yi musu addu'a, wasu ma a can aka binne su. Daga baya Sarki Henry na Takwas ya rufe gidajen, ya kwashe abin da ke ciki, har dalmar rufin ɗaki. Duk lokacin da aka zo nan a labarin, Malam Abdou yakan girgiza kai ya ce, "Kaka ya bayar da dama, jika ya karɓe da hagu. Sarauta ke nan."

Aikinsa na ƙarshe shi ne wanda ya kusa fin ƙarfinsa. Madam Filomina, 'yar Jos mai kula da rajistar kayan tarihin, ita ta shigo masa da kwalin: fatu goma sha ɗaya a warwatse, sun haura shekara ɗari bakwai. Ta yi masa bayani cewa idan shugaban gidan zuhudu ya rasu, akan rubuta sanarwa a fata a ba ɗan aike. Shi kuma ya bi gidaje da ƙafa, wata da watanni, kowane gida su rubuta ta'aziyyarsu a ƙasa: mun yi wa naku addu'a, ku yi wa namu. In fata ta cika a ɗinka mata wata, a naɗe kamar tabarma. Wani dillali ne can baya ya farke wannan, ya sake ɗinkewa yadda ya ga dama, ɗinkin kuma ya ruɓe. Ana so Malam Abdou ya mayar da ita yadda take kafin a baje ta a gilashi, kuma saura mako uku ya yi ritaya.

Babban farfesan tarihin wurin ya riga ya jera fatun da lamba. Bayan sanarwa, ya ce fatar babban gidan nan na Landan ce ta biyu, inda ake naɗa sarakuna a kuma binne su, don a ganinsa babu ɗan aiken da zai tsallake gidan sarki. Malam Abdou ya kwana biyu yana duba bakin fatun, sannan ya ture basillarsa gefe. Ya ce ta biyu wata 'yar ƙarama ce mai dauɗa, wadda ta fara da rubutun wani ƙaramin gidan mata, rubutu duk a karkace.

Farfesa ya yi dariya irin ta manya, ya ce da Turanci, "Abdou, gidan nan ba a kan hanya yake ba. Tafiyar kwana huɗu ce baya. Wa zai yi haka?"

"Wanda aka aika kai labarin mutuwa," in ji Malam Abdou. "Ranka ya daɗe, ba da taswira ake kai shi ba."

Shugaban sashe ya ce ba shi da lokacin gardama. In bai ɗinka yadda aka jera ba, za a shimfiɗa su a gilashi haka nan. Malam Abdou kuwa ya san abin da ya shiga gilashi ya zama gaskiya har abada. Ga hannun damansa ya fara rawa, daga azahar ba ya iya zura zare. Filomina ta same shi zaune ya zuba wa fatun ido, ta ce, "Baba, ka gaji. Ka ɗinka musu kawai ka tafi ka huta. Mutanen nan sun zama ƙasa tun tuni, wa zai yi maka ƙorafi?"

"To, na gaji ɗin, ba ƙarya kika yi ba," ya ce. "Amma zauna ki ji."

Ya ba ta labarin da mu mutanen Harlem muka daɗe da sani. Shekarunsa na farko a nan, yana tsaye kan jakunkunansa, wani ɗan garinsu ya miƙo masa hannu ya ce, "Ya haƙuri?" Ya ce, "Haƙurin me?" Ashe yayarsa Abiba, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ta yi kwana tara a ƙasa. Kowa ya ji, kowa ya zaci wani ya gaya masa. A bakin titi ya ji, hannunsa riƙe da jakar wata mai ciniki, kuma sai da ya ƙarasa cinikin. Wannan abu bai taɓa barinsa ba.

Tun daga ranar, kai ne mai kai mana labari, Malam. In an yi rashi a gida, kai ake fara kira, ka ce kowa ya riƙe bakinsa. Kai ne ka shiga jirgi zuwa Fordham Road cikin ƙanƙara don kada Amadou mai shagon waya ya ji rasuwar mahaifinsa a saƙon murya. Kai ne ka zauna awa uku a ƙofar asibiti har wata nas 'yar Filato ta tashi aiki ka gaya mata rashin da aka yi mata, ba addininku ɗaya ba, ba ƙasarku ɗaya ba. Ba wanda ya taɓa biyan ka kuɗin jirgi, da yawanmu ma mun ƙi jinin ganin ka a ƙofa.

Malam Abdou ya roƙi shugaban sashe kwana tara, aka ba shi. Da safe kawai yake aiki, kafin hannu ya fara gardama. Da gilashin ƙara girma ya bi huji ɗaya ɗaya, ya raba su gida biyu. Hujin dillali an yi shi a busasshiyar fata, bakinsa ya tsage. Hujin asali an yi shi fata tana da laushi, bakinsa ya koma ya lafe. Tsofaffin huji ashirin da uku na gindin sanarwa suka hau kan ashirin da uku na 'yar fatar nan daidai, har da wurin da mai ɗinkin ya kuskure ya huda sau biyu. Gani ya kori ji. Farfesa, a yaba masa, ya ɗauko fitilarsa mai fito da rubutun da ya dushe, ya haska layin matan, ya karanta a hankali. Sun rubuta cewa mamacin ɗan'uwan shugabarsu ne, ciki ɗaya.

Malam Abdou ya cire tabarau ya goge ido, ya ce sanyin ɗakin ne. Ya bi tsofaffin hujin ya ɗinke, ya gama ana saura kwana ɗaya.

Ku je ku gani, tana nan a gilashi. A ɗan allon da ke gefe an rubuta cewa sabon bincike ya nuna ɗan aiken ya fara zuwa wajen 'yar'uwa kafin gidan sarakuna. Sunan Farfesa na nan, na wanda ya ba da kuɗi na nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wallahi abin ya ci mini rai, shi kuwa da na yi masa maganar cewa ya yi ƙafarsa ke ciwo, in bar shi ya zauna.

Filomina ce ba ta haƙura ba. Ta sayi fatun awaki uku wajen masu gyaran ganga, ta ɗinka su da kanta, ta yi mako biyu tana yawo da su bayan aiki: shagunan 116, masallaci, cocin 'yan Jos, 'yan Zango na Bronx. Kowa ya rubuta nasa, wani da boko, wani da ajami, wani da Faransanci. Ranar walimar ritayarsa ta miƙa masa a naɗe.

"Madam, ai ban mutu ba tukuna," ya ce.

"Shi ya sa muka yi sauri, Baba."

Ya juya bayan fatar ya duba ɗinki, ya ce, "Kin ɓata fata." Sannan ya warware daga sama ya ga wa aka fara kai wa. Ba liman ba ne, ba shugaban sashe ba. Hajiya A'i ce, matarsa, wadda ta yi shekara ashirin da tara tana gasa masa hannu da ruwan zafi. Ba ta rubutu, sai ta dangwala yatsa. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Ɗinkin dai babu kyau," ya ce. "Amma kin san gidan da ake fara zuwa."

Mun gode, Baduku, basilla mai bin tsohon huji. Allah Ya huta da gajiya, Ya sassauta wa hannun nan. Mu kuma da muka rage, ƙafarsa ta gaji, ba zai ƙara hawa mana matakala ba. In labari ya zo maka daga gida, kafin ka tura wa jama'a a waya, tsaya ka tambayi kanka wa ya kamata ya fara ji. Sannan ka sa takalmi ka je.